Miya ba nama ba kifi: me kuke dafawa iyali su ci ba ƙorafi?

Maman_Abdul_Talladje:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah ku ba ni shawara. Mu takwas ne a gida, kuɗin cefane yana nan yadda yake, kasuwa kuwa kullum gaba take yi. Naman dala ɗari da nake sa wa miya yanzu sai an yi ta lalube da ludayi kafin a ci karo da shi. Na ce gara in bar shi sai ran Juma'a, kuɗin in mai da su ga wake da ganye da mai. Damuwata ita ce shinkafa da wake kaɗai na ƙware a kai, yara har sun fara cewa "Mama yau ma?" Me kuke dafawa ba nama ba kifi wanda maigida zai ci bai yamutsa fuska ba? Kuma yaran ba za su rame ba?

Hajiya_Wadata:
Wa alaikumus salam ƴata. Mu da muka tashi a ƙauye, nama sai ran suna, ko ran kasuwa in Baba ya sai da akuya, ko Sallar Layya. Sauran shekara tuwon gero ne da miyar kuka, ko ta yakuwa, ko ta guro busasshe. Ga mu nan har da jikoki. Abin da ke ɗaga miya uku ne: daudawa, gabu, da albasa da aka soya a hankali har ta yi ja. Ƴan matan yanzu ku zuba albasa a mai, ba ta ko yi laushi ba kun kwara ruwa, sannan ku ce miya ba ta da daɗi sai da nama. Ki daka daudawa da gabu da ɗan tattasai busasshe, ki zuba su a mai bayan albasa, ki bari ƙamshi ya kai ƙofar gida, sannan ruwa.

Tonton_Sani:
Ni dai ku yi haƙuri, in na sa hannu a kwano ban taɓo tsoka ba, wallahi ban ci abinci ba. Ko ƙashi ne a jefa mini in tsotsa.

Rabi_Boukoki:
@Tonton_Sani to ƙara kuɗin cefane mana, magana ta ƙare 😂 Mai nama ai shi ke neman wuta.

ƊanAdar_Tawa:
Hajiya ta hwaɗi gaskiya. Nan Tawa lokacin sanyi wanda ya ce sai da nama ya ga dama ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu shu (kabeji) da karoti da tumatir da salati sun cika kasuwa, albasa kuwa gidanta ne, Galmi da Madawa da Keita duka jiharmu ce. Abin da tsohuwata ka yi, in tumatir ya hwaɗi ƙasa sai ta saye da yawa ta tsaga ta shanya bisa tabarma, ta samu kauɗa. Shu ma hakanan, a yanka a shanya a zuba buhu. In zahi ya zo wajen Afrilu da Mayu, ɗanyen tumatir ya yi tsada, mu ba mu san anka yi ba. Kauɗa ka jiƙa ta ka daka, miyarta ta hi ta tumatirin gwangwani jiki.

Rabi_Boukoki:
Maman Abdul, bari in ba ki wadda ta cece ni: miyar wake. Ba wake da shinkafa ba, miya ta tuwo. Ki ɗibi wake kofi biyu, ki jiƙa kaɗan, ki surfa a turmi, ki wanke har ɓawon ya tashi ki tsiyaye shi. Ki ɗora da ruwa da albasa guda, ki bar shi ya nuna har ya fashe. Sai ki sa maburgi ki burge shi ya zama kamar kunu mai kauri. A wata tukunya ki soya albasa da manja ko man gujiya, daudawa, tattasai, tumatir, ki juye a cikin waken. Daga ƙarshe ki watsa yankakken alayyafo ko yakuwa kaɗan, minti biyar ki sauke. Ki tsaya kusa, tana kama gindin tukunya da wuri. Da tuwon masara ko na shinkafa, wanda ya ci ba ya tambayar nama, don miyar da kanta tana da nauyi a ciki.

Maman_Abdul_Talladje:
@Rabi_Boukoki na gode Yaya. Ana sa kanwa ko a'a?

Rabi_Boukoki:
In kin surfe shi ba ya bukata. Ɓawon ne ke ja masa lokaci.

Hajiya_Wadata:
Ƴar kanwa kaɗan ba ta ɓata komai. Tun kaka da kakanni da ita ake dafa wake.

Malamar_Asibiti:
Hajiya a yi mini afuwa, a nan zan ɗan ja da ke. Kanwa tana nunar da wake da sauri, gaskiya ne, amma tana lalata wani sashe na bitamin B1 da ke cikinsa, kuma ita ma dangin gishiri ce. A haɗa kanwa, da gishiri, da dunƙulen magi uku huɗu a tukunya ɗaya, mai hawan jini ya ci, ina aka dosa? Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, duka abincin yinin ke nan. A jiƙa wake tun dare, a zubar da ruwan jiƙon da safe, a ɗora da sabo. Yana rage lokacin dahuwa, yana rage kumburin ciki.

Sai tambayarki ta biyu Maman Abdul, ta ramar yara, wadda ba wanda ya taɓa. Busasshen wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa sinadarin gina jiki ne. Abin da ya yi ƙaranci a gero da masara da shinkafa wake na da shi, abin da ya yi ƙaranci a wake hatsi na da shi. Shi ya sa wake da shinkafa, ko ƙosai da kunu, ko tuwo da miyar wake suke cika juna. Yaro mai samun wannan, da gujiya, da ganye, da ɗan mai, ba zai rame don rashin nama ba. Amma akwai bitamin B12 da ba a samu a tsiro. Shi sai nono, ƙwai, kifi ko nama. In kuna shan fura da nono, tunda kuma kin ce ran Juma'a za a ci nama, ki ci gaba da haka. In da hali ki dafa wa ƙananan ƙwai jefi-jefi. Mai ciki da mai shayarwa kuma a ƙara kula da su.

Hajiya_Wadata:
To Malama, ku ne masu karatu. Amma ɗan wake fa? Ki gaya mini yadda za a yi ɗan wake ba kanwa in gani.

Malamar_Asibiti:
Wannan kam kin kama ni Hajiya 😅 Ɗan wake sai da ita. A dai sa ruwanta kaɗan.

Dalibi_Harobanda:
Tunda an zo ɗan wake, mu a ɗakinmu shi ne babban abinci. Mu huɗu muke haya bayan jami'ar Abdou Moumouni, kan gas ɗaya, ba firigo. Garin wake, garin rogo kaɗan, cokalin kuka, ruwan kanwa, a kwaɓa, a riƙa tsinkawa ana jefawa a tafasasshen ruwa. In sun taso sama a ba su ɗan lokaci, a tsame a sa cikin ruwan sanyi. Mai da aka soya da albasa, yaji, in akwai shu a yanka a kai. In ka ci da rana sai dai ka nemi ruwa, ba ka neman abinci har isha. Matsalarsa ɗaya, ajin ƙarfe uku sai barci.

Nana_Yantala:
Ba wanda ya ambaci kopto, wato kwaɗon ganye, da dambu, a Yamai! Maman Abdul, zogalen dala ashirin dafaffe, ki matse ruwan sosai, ki daka ƙuli-ƙuli ya yi laushi, albasa ɗanya, tumatir, gishiri, barkono, ɗan mai, ki cuɗa da hannu. In kina so ya zama abincin rana, ki turara tsakin masara ko na shinkafa a madambaci, in ya yi rabin nuna ki juye a roba ki haɗa da zogalen da albasa da mai, ki mayar ki ƙara turarawa. Yarana sun fi son dambu da shinkafa da miya. Da damina kuma ba sai zogale ba. Tafasa, rama, yaɗiya, duka ana kwaɗonsu, matan ƙauye na kawo su da arha. Tafasa dai ki zubar da ruwan dahuwar farko saboda ɗaci da wari.

MaiAlbasa_Galmi:
Ku riƙa sa albasa da yawa, mu ma mu samu 😁

Tonton_Sani:
Dambu na yarda da shi, amma a gefe a ajiye ɗan kilishi.

Rabi_Boukoki:
Wannan bawan Allah a fitar da shi daga zauren nan.

Maman_Farida:
Ni tawa matsalar ta fi ta Maman Abdul. Ƴata ta dawo hutu daga karatu a Faransa, ta ce ta bar nama, ta bar kifi, har ƙwai da nono da man shanu ba ta ci. Wai don tausayin dabbobi da kare muhalli. Babanta ya yi faɗa ya gaji. Na rasa me zan ba ta, sai na lura rabin abin da muke ci dama ba ruwansa da dabba: ƙosai, alala in ba a sa ƙwai ba, waina da miyar taushe, fate, kunun gujiya, ɗan wake, kopto. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne magi, sai ta ɗauki takardar ta karanta, in ta ga an rubuta kaza ko jatan lande ta ajiye cokali. Dole na koma daudawa zalla. Fura kuma da ruwan tsamiya take damawa, ko da madarar waken suya. Kakarta ta ce wannan ba fura ba ce, wahala ce.

Malam_Lazaret:
Hajiya Maman Farida, a yi mata nasiha da taushi. Wanda ya bar nama don ba hali, ko don lafiya, ko don ransa ba ya so, ba laifi a kansa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne mutum ya ɗauka abin da Allah ya halatta haramun ne ko zalunci ne. A bambance mata waɗannan biyun. Tausayin dabba kuwa addini ya riga kowa, an hana a wahalar da ita ko a wasa wuƙa a gabanta.

Malamar_Asibiti:
@Maman_Farida ita ce wadda maganar B12 ta fi shafa. Tunda ba nono ba ƙwai, ta nemi ƙwayar a farmasi, kada ta yi wasa. Rashinsa ba ya nunawa da wuri, sai a hankali: kasala, ƙarancin jini, jin kamar ana soka allura a tafin ƙafa. Kuma ku duka, shayin nan da ake kafawa ana gama cin abinci yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye. A ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu. A matsa lemun tsami a kopto ko a sa ɗanyen tumatir, shi yana taimakawa.

ƊanAdar_Tawa:
Malama ki taɓa komi amma ki bar muna shayi. Wagga ɗiya kuma a kawo ta Abalak ta kwana biyu, ta ga cuku da nono, mu gani in ba ta canza shawara ba.

Sadiya_Maradi:
Ina zaune Yamai amma ƴar Maradi ce, mu can awara ce naman talaka. Waken suya tiya ɗaya yana ba ki awara mai yawa. Ki jiƙa ya kwana, a kai inji a niƙa, ki tace da ƙyalle mai laushi, ki ɗora madarar a wuta. In ta tafasa ki riƙa zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan, na tsamiya ko wanda ya kwanta kan gasara, za ki ga tana dunƙulewa ruwa na rabuwa gefe. Ki kwashe a ƙyalle, ki sa gishiri da albasa da tattasai, ki ɗaure ki ɗora dutse. In ta yi tauri ki yanka ki soya. Dabarar ita ce ki jefa soyayyar a miyar tumatir ta ɗan tafasa ciki, tana shan romon. Dusar kuma kada ki zubar, akuya da kaji na so. Ki kula da tukunya lokacin tafasa, kumfa na tasowa ya zube kafin ki juya.

Maman_Abdul_Talladje:
@Sadiya_Maradi aikin kam da yawa. Ba a sayarwa?

Sadiya_Maradi:
Ana sayarwa da yamma a unguwanni, ki tambayi masu ƙosai. Amma na gida ya fi arha in kuna da yawa.

Injiniya_Issa:
Kuna ta lissafin kuɗin wake, ba wanda ya lissafa wuta. Wake in tsoho ne yana cin gawayi ya cinye ribar da aka samu ta barin nama. Tukunyar gas ta kilo 6 in kullum wake ake ɗorawa ba ta daɗewa. Dabaru biyu. Na farko kokot, tukunyar nan mai murfi mai huci, akwai ta hannu a Katako, jiƙaƙƙen wake minti 15 ya isa. Na biyu ba ya cin ko dala: a bar wake ya tafasa sosai kamar minti 15 zuwa 20, a sauke tukunyar a rufe, a naɗe ta da tsohon bargo a sa cikin kwando ko kwali, a bar ta awa biyu zuwa uku. Zafin da ke ciki ne ke ƙarasa dahuwa. Matata da farko ta ce wasa nake, yanzu tana ɗorawa da asuba ta naɗe ta tafi lakwal, ta dawo ta tarar ya nuna. Kuma kada a sa tumatir ko tsamiya ko yakuwa tun farko, tsami na hana wake laushi.

Hajiya_Wadata:
Bargo kuma? Ikon Allah. Tukunya na jin sanyi ke nan.

Nana_Yantala:
Na gwada na bargon, yana yi. Har kwaruru na dafa haka, amma shi sai ya kwana a jiƙe kuma ya fi wake son wuta. Ku daina mantawa da kwaruru, yana riƙe ciki, yara na son shi da gishiri da yaji kawai.

MaiAlbasa_Galmi:
Bari in yi magana ta gaske yanzu. Abin da ya hi ban haushi, Nijar ita ta biyu a duniya wajen noman wake bayan Najeriya, amma da kaka manomi ya saida shi da arha, motoci su ɗauka su yi kudu, in bazara ta yi mu koma muna saye da tsada. Mai hali ya sayi buhu ko rabi wajen Oktoba da Nuwamba ya aje. Ƙwaro ne matsala, maganinshi buhun PICS mai ruɓi ukku, leda biyu ciki buhu ɗaya waje. Ka ɗaure kowace daban, iska ba ya shiga, ƙwaron ya mutu da kanshi, ba magani ba komi. In babu, bidon mai wanda anka wanke ya bushe, a cika shi har baki a toshe. Sharaɗi wake ya bushe ƙwarai, kuma kada a riƙa buɗewa kullum.

Malamar_Asibiti:
Wannan ya fi ƙwayar maganin da wasu ke jefawa cikin buhu. Guba ce, ba a ajiye irin wannan buhu a ɗakin kwana. In kin sayi wake kika ji yana warin magani, ki shanya shi a iska, ki wanke sosai, in warin bai fita ba ki haƙura da shi. Gujiya ma ki tsince masu baƙi da masu fumfuna kafin a niƙa tigadege, wato niƙaƙƙiyar gujiyar miya, suna cutar da hanta.

Dalibi_Harobanda:
Mu namu waken ba ya kai lokacin da ƙwaro zai same shi.

Tanti_Zali:
Ni abin da nake so in ce daban ne. Dafawa ba wuya, idon mutane ne wuya. Ranar da dangin miji suka zo kika ajiye musu dambu ko miyar wake, kafin su kai gida labari ya riga su: ɗanmu na wahala, matarsa na ɓoye kuɗin cefane. Na ga matar da ke cin bashin nama wajen mahauci don kawai kada kishiya ta leƙa tukunya. To ku gaya mini, da baƙo ya zo me za a yi?

Hajiya_Wadata:
Baƙo daban ne Zali. Baƙo a yanka masa ko zabo ne in da hali. Muna maganar cin yau da gobe.

Rabi_Boukoki:
Hajiya, gidan da baƙi ba sa yankewa fa? Mu ƴan Yamai kowa ya zo asibiti ko neman takarda daga ƙauye gidanka zai sauka, wani ya yi wata. Ni kam abin da muka ci shi za ka ci. Miyar taushe nake yi musu: kabewa ta nuna ta narke, tigadege cokali uku, yakuwa, daudawa. Ba wanda ya taɓa mayar mini da kwano da saura.

Tanti_Zali:
Ba su mayar ba, amma kin san abin da suka faɗa a mota?

Maman_Abdul_Talladje:
Ƴan uwa na dawo da labari. Jiya na yi miyar waken Yaya Rabi da tuwon masara, na soya albasa yadda Hajiya ta ce har maƙwabciya ta leƙo. Yara sun cinye har suna kankare tukunya. Maigida ya ci, ya ƙara, da ya wanke hannu sai ya ce "ta yi daɗi, amma da an sa ɗan busasshen kifi da ta fi." Ban ce komai ba. Yau dambu zan gwada. Na bargon ne ban samu zuciyar yi ba tukuna, surukata na nan, ban san me za ta ɗauka ba in ta ga na lulluɓe tukunya.

Tonton_Sani:
Kun ji ko? Maigidan nan namu ne. Allah ya ƙara masa lafiya.

Sadiya_Maradi:
Ki soya awara ki jefa ciki ranar da za ki sake, kada ki gaya masa, mu ji me zai ce.

Malam_Lazaret:
A'a Malama Sadiya, in ya tambaya a gaya masa gaskiya.

Sadiya_Maradi:
In ya tambaya, Malam. In bai tambaya ba fa?

Maman_Farida:
@ƊanAdar_Tawa nawa tiyar wake take a kasuwar Tawa ran Lahadin nan? Ƙanena zai taso daga can, in da sauƙi ya riƙo mini farin, da kauɗa.

ƊanAdar_Tawa:
Sai na shiga kasuwa in tambayo miki Hajiya. Amma ki ce mashi ya tsaya Badagishiri ya duba, wani lokaci can ya hi sauƙi. Kauɗa kuma ya zaɓi mai ja, ya bar wadda ta yi baƙi.